Wa Ke da Waƙar Daɓe? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Babban Daraktan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

 

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, adabin baka kuma na fi koyarwa. Da gangan na rubuto da Hausa, na kuma bar takardar a buɗe, domin waɗanda maganar ta shafa su ji abin da aka faɗa a madadinsu idan jikoki sun karanta musu. Na san ofishinka ba zai rasa wanda zai fassara maka ba.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye na kudancin Katsina. Tun tana budurwa ita ke ba da waƙa idan mata sun taru daɓen ɗakin amarya. Yaran da suka tashi a kan siminti da tayil ba su san daɓe ba. Tsakuwa ake zubawa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, su yi ta bugu har ƙasa ta yi sulɓi. Bugun nan shi ne kiɗan, babu ganga babu kalangu. Mai ba da waƙa ta jefa ɗa, sauran su karɓe da amshi, hannuwa na sauka tare. Akwai wata waƙa da aka san garinmu da ita. Goggo ta ce a bakin kakarta ta ji karin da amshin, ita ma kakar tarar da su ta yi. Ɗiyan da ke cikinta yanzu kuwa fiye da rabi na goggo ne. Ita ta sa rijiyar bakin kasuwa, ita ta sa shekarar da fari ya kori maza zuwa ci-rani, ita ta sa habaici ga wata kishiya da ta daɗe da rasuwa.

A wani biki aka roƙi tsofaffin su tuna da, suka zauna a tabarma suka yi ta, da tafi a maimakon madaɓi. Wani baƙo ya ɗauka a waya. Ba a rufe shekara ba sai ga waƙar ta fito daga wani situdiyo a birni. An ɗora mata fiyano, an mayar da ɗiya biyu ko uku na soyayya, an bar muryoyin tsofaffin nan a ƙasa suna amshi. A jikin bidiyon an rubuta cewa wani matashi ne ya rubuta, shi ya yi kari, shi ya rera. Babu sunan gari, babu sunan goggo. Abin da ya fi ci mini rai daga baya ya zo. Ɗan yayana ya ɗora ainihin hoton bikin a wani dandalin bidiyo don dangin da ke nesa su gani, sai saƙo ya zo masa cewa sautin da ke ciki mallakar wani kamfani ne. Na rasa bakin da zan gaya wa tsohuwar nan cewa an tuhume ta da ɗaukar muryar kanta.

Ba mu yi gaggawar zuwa gare ka ba, ranka ya daɗe. Mun fara da yaron da ya fitar da waƙar, ta hannun mai kula da harkokinsa. Amsar da muka samu ita ce, ai waƙar gargajiya ce, ta kowa ce. Na ce to, idan ta kowa ce, me ya sa aka rubuta sunan mutum ɗaya? Shiru. Muka je wurin wasu dattawan sana'ar, suka karɓe mu da mutunci, suka ce za a ba tsohuwa na goro a bar maganar. Goggo ta ce ita ba goro ta aiko mu nema ba. Daga nan na je wurin lauya. Ya ce muryarta da aka ɗauka ba izini tana da haƙƙi a kanta, amma shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma abin da za mu kashe kafin a kai ga hukunci ya fi ƙarfin gidanmu duka. Kari da amshi kuwa, ya ce, ba goggo ke da ikon magana a kansu ba, ba kuma mai garinmu ba. Ya buɗe doka ya nuna mini: hukumarka ce.

Na karanta da kaina. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ware sashe ga abubuwan gargajiya, har ta ambaci waƙoƙi da kiɗe-kiɗe da raye-raye da kacici-kacici. Ta hana a kwafe su ko a sauya su don kasuwanci ba tare da izini ba. Ta ce duk inda aka fito da su ga jama'a a ambaci al'umma ko wurin da aka ɗauko su. Ta kuma damƙa ikon ba da izinin a hannun hukumarka. Wannan tanadi yana nan tun a tsohuwar dokar da ta gabace ta. A Hausance, doka ta naɗa ka waliyyin waƙar da ba ta da uba. Shi ya sa na kawo kukana wurinka, domin dukiyar maraya ana tambayar wanda aka ba riƙonta.

Kukana na farko shi ne wanda na riga na ba ka labarinsa. Doka ba ta ba waƙa haƙƙin mallaka sai an ɗaure ta a wani abu, takarda ko faifai ko na'ura. Waƙar niƙa da ta daka da ta raino da ta gaɗa da ta tashe a baki suke zaune, ba wanda ya ɗaure su. Saboda haka wanda ya riga kowa shiga situdiyo shi ke fita da shaida a hannu. Dandalin intanet kuma ba su san kaka da kakanni ba. Na'urarsu tana adana hoton sautin da aka fara kai mata da sunan wanda ya kai, duk abin da ya biyo baya mai kama da shi ta ɗauke shi kwafi, kuɗin talla ya tafi ga na farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yawancin masu shan bugun nan mata ne, don kusan duk waƙoƙin cikin gida nasu ne, kuma su ne mafi nisa da situdiyo da lauya.

Kuka na biyu kishiyar na farko ne, kuma kalma ɗaya ake amfani da ita a duka biyun. A can an ɗauki waƙar jama'a an yi mata uba. A nan kuwa waƙa mai uba ake kira ta gargajiya don a ci ta kyauta. Da an ji kalangu ko kotso ko kuntigi sai a ce ai kayan da ne. Alhali Alhaji Mamman Shata a 1999 ya rasu, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Dokarka ta ce haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Ke nan waƙoƙin Shata na magadansa ne har ƙarshen 2069, na Ɗanmaraya har 2085. Amma shiga intanet ka ga yawan shafukan da ke ɗauke da su, ka saurari yawan sababbin waƙoƙin biki da na siyasa da aka gina a kan gindin waƙoƙinsu, sannan ka tambayi kanka ko nawa ne daga ciki suka ƙwanƙwasa ƙofar magada.

Ka san labarin Solomon Linda fiye da ni, amma bari in maimaita saboda masu karatu. Bazule ne ɗan Afirka ta Kudu. A 1939 shi da ƙungiyarsa Evening Birds suka naɗi waƙar Mbube a kamfanin Gallo da ke Johannesburg, aka sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Faifan ya kai Amurka, Pete Seeger da ƙungiyar Weavers suka rera ta a farkon shekarun 1950 da sunan Wimoweh, aka ɗauke ta waƙar gargajiyar Zulu marar mai ita. A 1961 ta zama The Lion Sleeps Tonight, a 1994 ta shiga fim ɗin The Lion King na Disney. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan ƙarar da aka shigar a madadin magadansa, aka yi sulhu aka amince a riƙa biyan iyalinsa, aka kuma sa sunansa cikin mawallafa. Shekara 44 bayan an binne shi. Abin da ya cuce shi tun farko zato ne, cewa baƙar fata mai waƙa da harshen gida ba ya ƙirƙira, gado kawai yake maimaitawa. Abin baƙin ciki, wannan zaton ne muke yi wa makaɗanmu yau, mu da kanmu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban zo neman a hana aro ba, kuma da za a hana, da ni zan fara rubuto maka takardar ƙin yarda. Waƙar Hausa da aro ta rayu. Masana adabi sun nuna cewa Aliyu Namangi daga kiɗan caji ya ɗauko karin Imfiraji, ya zuba masa wa'azi da begen Annabi, ba wanda ya ce ya yi sata. Barmani ba ita ta ƙago amada ba. Kiɗan ƙwarya ne da matan kulle suka daɗe suna yi a tsakar gida, tana cikin waɗanda suka fito da shi fili, ta zuba masa ɗiyanta da muryarta da ƙarfin halinta har ya zama ba a ambatar amada ba a tuna garinsu Funtuwa ba. Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, ya yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya ja nasa ayarin. Kuma gaskiya ɗaya ce, mu ma mun ɗebo na wasu: finafinanmu da wasu masu bege da mandiri sun sha ɗora baitocin Hausa a kan karin waƙoƙin Indiya. Dokarka ma ta bar ƙofar aro a buɗe ga wanda zai gina sabon aiki, muddin bai wuce gona da iri ba.

Abin da al'adarmu ba ta sani ba shi ne ɓoye tushe. Marubucin waƙa na da yakan rufe da sunansa da garinsa, ya sa ramzin shekarar da ya yi ta. Makaɗin baka yakan yi wa kansa kirari a tsakiyar waƙa, ya kira sunan masu kiɗansa da 'yan amshinsa, ya ambaci wanda ya gada. Zabiya takan ce wannan ta wance ce, Allah ya ji ƙanta. Mutanen da ba su taɓa ganin takardar rajista ba sun san ladabin nasabta abu ga mai shi. Yaron da ya ɗauki waƙar garinmu yana da nasa a ciki, ban hana shi ba. Fiyanon nasa ne, tsarin nasa ne, ɗiyan soyayyar nasa ne, muryarsa tasa ce, ya ci moriyarsu Allah ya sa albarka. Kari da amshi ba nasa ba ne, ɗiyan goggo ba nasa ba ne, muryoyin tsofaffin nan ba nasa ba ne. Waƙa ɗaya ce mai hannu uku a ciki, takardar da ya cike kuwa gurbin suna ɗaya ya cika.

Kuka na uku a kan kuɗi ne, kuma a nan nake roƙonka ka yi taka-tsantsan. Doka ta ce a nemi izininka. To idan an nema an biya, ina kuɗin za su? Makwabtanmu na Ghana sun riga mu shiga wannan ruwa. Lokacin da Paul Simon ya gina waƙarsa Spirit Voices, a faifansa na 1990, a kan tsohon karin nan na Yaa Amponsah, ya biya, kuɗin suka shiga hannun hukuma a matsayin na kayan gargajiya, suka taimaka wajen kafa hukumar kula da al'adun gargajiya ta ƙasar. Wannan ya yi kyau. Amma dokarsu ta 2005 ta ɗora izini da biyan kuɗi har a kan ɗan ƙasa idan zai yi sana'a da gargajiyar gidansu, mawaƙa da masana na can suka yi ta kukan cewa an sa wa mutum haraji a kan gadon kakansa. Ba na son mu kai nan. Idan kariya ta koma rasit da ake tare mai gurmi da shi a bakin kasuwa, ko mai kiɗan ƙwarya a gidan suna, to an kashe abin da aka ce za a tsare. Haka kuma idan kamfanin waya ko na talla ko na fim ya biya, kuɗin suka narke a Abuja, garin da aka ɗauko waƙar bai gani ba, to gardi kawai aka canza.

Akwai kuma maganar iyaka, ita gajeriya ce. Waƙar da ake yi a Jibiya ita ake yi a Maraɗi, ta Daura ita ce ta Damagaram. Duk abin da za a tsara a nan ba tare da hukumar haƙƙin mawallafa ta Nijar ba, rabin aiki ne. Kuma ba mu da wata yarjejeniyar duniya da za mu jingina da ita, domin fiye da shekara 20 ke nan ana tattauna kariyar waƙoƙi da al'adun gargajiya a hukumar WIPO da ke Janiba ba a kammala ba.

Ranka ya daɗe, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga abin da nake roƙo.

Babban roƙona, wanda ba ya bukatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi mai nauyi, shi ne a raya tanadin nan na ambaton tushe. Hukumarka ta fitar da sanarwa ga masu situdiyo da gidajen rediyo da talabijin da hukumomin tace finafinai da kamfanonin da ke ɗora waƙa a YouTube da Audiomack da Boomplay, cewa duk waƙar da aka gina a kan ta gargajiya a rubuta a jikinta: kari na gargajiya ne daga wuri kaza, an ji shi a bakin wance, sababbin ɗiya na wane, kiɗa na wane. A kuma roƙi ƙungiyar MCSN mai tattara wa mawaƙa kuɗinsu ta riƙa tambayar wannan kafin ta karɓi rajistar waƙa. Yawancin yaran nan ba mugaye ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa faɗin inda ka samo abu ba ya rage maka daraja.

Sai kundi. Ba daga sifili za a fara ba. Akwai tsofaffin faya-fayai a Rediyon Tarayya na Kaduna, akwai abin da aka tara a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai cibiyar CELHTO a Yamai. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ɗalibai kuma sun cika ɗakunan karatu da kundayen digiri a kan waƙoƙin mata da na yara. Ina roƙo hukumarka ta zauna da waɗannan wurare a fitar da rajista guda, wadda za ta nuna wace waƙa ce mai uba, su wa suka gaje shi, wace ce ta jama'a, kuma ta wane yanki. Sharaɗi ɗaya nake so a rubuta da manyan baƙaƙe: wanda ya naɗi waƙa ko ya rubuta ta a kundi bai zama mai ita ba, ko malamin jami'a ne. Da irin wannan rajista a hannu, hukumarka za ta iya tunkarar dandalin intanet da sunan al'umma idan wani ya yi da'awar ƙarya, tunda sabuwar dokar ta buɗe hanyar kai ƙorafi a kan abin da aka ɗora a intanet.

Game da kuɗi, ina roƙo a bayyana a fili cewa biki da suna da makaranta da wasan dandali da ƙaramin makaɗi mai neman abincinsa babu ruwansu da izini ko biya. A nemi kuɗi wurin manyan masu cin riba, a kuma sanar kowace shekara nawa aka karɓa, a kan wace waƙa, nawa ya koma garin da ta fito. Yadda garin zai yi da shi, a bar wa mutanensa, amma a tabbata matan da ke riƙe da waƙar suna cikin masu yanke shawara.

Ina kuma roƙo a buɗe teburin sulhu a ofisoshinku na Arewa, inda tsohuwa ko magajin makaɗi zai zo ya yi bayani da Hausa, a kira wanda ake ƙara, a saurari waƙoƙin biyu a gaban masana da dattawan sana'a, a raba gardama ba sai an je kotu ba. A fassara sassan dokar da suka shafe mu, da boko da ajami, a karanta su a rediyo, don rediyo ce jaridar mutanen da nake magana a kansu. Magadan manyan makaɗa kuma a neme su, a nuna musu yadda ake rajista da yadda ake karɓar haƙƙi, kada a jira sai sun gano hanya da kansu.

Roƙona na ƙarshe na gida ne. Na tambayi goggo me take so a yi mata. Ta ce a faɗi sunan garin, a kuma bar jikokinta su sa hoton bikinsu ba wanda ya ce sun yi sata. Cikin matan da suka yi amshi a ranar nan, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage suna da waƙoƙin daɓe da na niƙa da ban taɓa jin su a bakin kowa ba sai su. Idan ofishinka zai turo mutum da na'urar ɗaukar magana da takardar neman yardarsu, ya zo bayan an gama girbi, lokacin da mata ke samun sukuni. Ni zan tarye shi a tasha in kai shi har tsakar gidan.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Naka mai biyayya,
Wani malamin Hausa,
daga kudancin Katsina.